Shekarar da Ɗorawar Gwaggo Ta Yi Tuntu

Da bazarar nan da muke ciki gwaggona Hajiya Kulu ta cika shekara hamsin a ƙasa. Yayar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni tun daga yaye ta riƙe ni a gidanta a Kankia, domin nata 'ya'yan duk sun koma tun suna ƙanana. A cikin shekarun nan hamsin ban taɓa rubuta kalma ɗaya a kanta ba, alhali na yi rubutu a kan mutanen da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa mu ba. Duk wanda ya tambaye ni dalili sai in ce Gwaggo ba ta son a yayata ta. Gaskiya ne ba ta so, amma ba shi ne dalilin ba. Kunya ce ta rufe mini baki, kuma yanzu da na haura tamanin na ga idan ban yi magana ba, da maganar za a binne ni.

Abin da ya tono zancen wani taro ne da aka gayyace ni kwanakin baya a Kankia. Wata gidauniyar taimako ce ta zo da tsarinta, samari da 'yan mata masu ladabi, kowa da kwamfutarsa a cinya. Suka ce su ba gini suka zo yi su tafi ba. Suna so su tsaya bayan ƙungiyoyin gari, na mata da na manoma da na makarantun Islamiyya, na tsawon shekaru, har ƙungiyoyin su tsaya da ƙafarsu. Ina zaune ina gyaɗa kai irin na dattijon da aka kawo don ya cika kujera, sai mai gabatarwa ya nuna ni ya ce ga Alhaji, wanda tun zamanin da ya gina ɗakin shan magani a Tafashiya da sunan gwaggonsa, a yi koyi da shi. Aka tafa mini. Na sunkuyar da kai, jama'a suka ɗauka tawali'u ne, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gwaggo Kulu ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Daga cikin gida ta fara da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa, har ta kai ga ana kawo mata gyaɗa a kan jakuna daga Kunduru, har ta je Makka. Duk da haka a gari marowaciya ake ce mata, kuma ta san ana faɗa. Maroƙi zai tsaya ƙofar gidanta ya yi ta zuba kirari har muryarsa ta dushe, ta aika masa da ƙuli-ƙuli biyu da ruwan sha. Idan kuwa mutanen wani ƙauye suka zo neman taimako, ko rijiya ce ko rufin makaranta, sai ta sa a yi musu shimfiɗa a zaure, ta tsaya daga bayan ƙofa ta saurare su har su gama, sannan ta yi tambayarta guda ɗaya: "To, wa zai ba shi ruwa da rani?" Rijiya ma haka take tambaya, makaranta ma haka. Nufinta, bayan an gama buki an watse, wa zai kula da abin? Wanda ya ba ta amsa mai suna da gida, yakan tafi da fiye da abin da ya roƙa. Wanda ya ce ai Allah zai kawo, takan ce Allah ya kawo ɗin, ta koma cikin gida.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba ta yi abin da ya sa aka daina ce mata marowaciya aka koma cewa ta fara taɓuwa. Ta sayi wani fili a Mawashi, garin mahaifiyarta, can wajen Kusada, ta ce ɗorawa za ta shuka. A ƙasarmu kuwa ba a shuka ɗorawa. Tsintarta ake yi a gona, idan ta tsiro da kanta sai a kewaye ta da garma a bar ta. Wa zai shuka itacen da sai ya kusa shekara goma kafin ya yi fure, mace kuma mai furfura a ka? Ni ina makarantar midil a lokacin, ni ne nake riƙe mata ƙwaryar kalwa, wato ƙwayar ɗorawa da ake yin daddawa da ita, tana jiƙa ta a ruwan zafi don ta yi saurin tsirowa. Ina jin dariyar mutane a hanya, ina jin haushin ta ja mini.

Sharaɗin da ta gindaya wa mutanen Mawashi shi ne asalin dabarar. Ta ce fili nata ne har ranar da itatuwan za su yi tuntu, jan furen nan da ke lilo a reshe kamar tuntun hula. Kafin nan, matan gari su haɗa kansu ƙungiya, su yi wa kowane tsiro shingen ƙaya saboda awaki, su riƙa ba shi ruwa duk rani. Mazajensu su noma gero a tsakanin itatuwan a zuba a rumbun ƙungiya. Ran da tuntu ya fito, ta san sun iya riƙo, za ta kira liman da mai gari ta sallama musu filin wakafi, ba mai sayarwa, ba mai gado. Haka kuwa aka yi. Ina nan tsaye ranar da ta sallama, ba kiɗa ba takarda, addu'a kawai aka yi aka raba goro.

Shekaru kaɗan bayan ta fara na Mawashi ta sayi fili na biyu a Tafashiya, da sharaɗi iri ɗaya. Wadda ta shugabanci matan can ita ce Inna Delu, wata doguwar mata mai ƙarancin magana, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata. Rani tara Inna Delu da tsofaffin garin suka yi suna ɗaukar ruwa a tulu daga rijiya zuwa filin nan, har gammo ya cinye gashin tsakiyar kanta. Kunduru ce ta uku a ran Gwaggo. Ta ma riga ta zaɓi kalwar da za a shuka a can, ta zuba a wani tulu ta liƙe bakinsa da laka ta ajiye a ƙuryar ɗaki.

Ni kuma a wannan tsakanin na gama makarantar aikin gona na kama aiki a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya fara zuba. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane irin haukan da ya kama mu ba. Aka yi mana ƙarin albashi, na sayi mota, na koyi zama a kujera ina kaɗa makulli. Bakinmu ba abin da ke fita sai tarakta da takin zamani da ingantaccen iri. Duk abin da zai ɗauki fiye da damina biyu, a wurinmu aikin mutanen da ne. Idan na zo gida hutu nakan zauna gaban Gwaggo ina yi mata lacca a kan ci gaba, tana tsince gyaɗarta tana saurare. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa faɗar sunana ba, Babana take ce mini. Idan na gama sai ta ce, "Babana ya yi karatu," ta miƙo mini fura. Sai da na tsufa na gane ba yabo ba ne.

Da ciwon ajalinta ya tsananta aka aiko mini na zo. Wata ranar hantsi, daga ni sai ita a ɗaki, ta kama hannuna ta ce, "Babana, iccen Tafashiya sun kusa. Baɗi in Allah ya so za su yi tuntu, ni kau ba ni gani. In sun yi, ka kira liman da mai gari ka ba Delu da mutanenta, yadda ka ga na yi Mawashi."

Na ce, "Na ji, Gwaggo."

Ta ƙara matse hannun ta ce, "Ban ce ka gyara komi ba. Ka ba su kawai."

Ta san ni ciki da waje, shi ya sa ta ƙara wannan. Bayan kwana uku ta cika. Ba miji, ba ɗa, mahaifina ma ya riga ta, saboda haka filin Tafashiya ya faɗo cikin gadona, kuma ba mahalukin da ya ji abin da ta ce mini.

Ba zan ce Shaiɗan ne ya zo mini da mugun nufi ba, don da haka ne da na fi samun sauƙin tuba. Da kyakkyawar niyya ya zo. Na riƙa ce wa kaina, me ɗorawa za ta tsinana wa mutane a wannan zamani? Daddawa da garin kunu? Idan na share filin na sa tarakta, na zuba masara da takin zamani, cikin damina biyu zan gina wa Tafashiya ɗakin shan magani, da bulo da kwano, da sunan Gwaggo a jikin allo, kowa ya wuce ya gani. Na ce ai burinta ne zan cika, hanya ce kawai zan gajarce mata. Tulun kalwar Kunduru kuwa na fasa bakinsa na ba wata maƙwabciya, ta dafa ta yi daddawa.

Da rani ya zagayo na ɗauki hutu na zo da masu gatari. Mun kai rabin fili sai ga Inna Delu ta taho, da tulunta a ka, don ko a ranar ruwa ta kawo wa wasu ƙanana da aka sake shukawa. Ta sauke tulun a hankali ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta sake yi mini gaisuwar Hajiya. Sannan ta ce, "Ɗan Hajiya, mi ake yi haka?"

Na ce, "Gyara muke, Inna. Tarakta ba ta aiki cikin itatuwa. Asibiti zan gina muku."

Ta ce, "Amma sun yi tuntu. Ɗaga kanka ka gani."

Ban ɗaga ba. Ban ma buƙaci ɗagawa ba, don ga shi nan a ƙasa ko'ina, jajir, masu sara suna tattakawa. Sai ta tambaye ni a gaban mutane, muryarta ƙasa-ƙasa, "Hajiya ba ta bar maka magana bisa iccen ga ba?"

Na dubi tsabar idonta na ce, "Ba ta ce mani komi ba."

Sai ta ce, "To. Ita dai ba mai mantuwa ba ce, amma ciwo babu abin da bai sawa." Ta duƙa ta tsinci tuntu ɗaya ta ƙulle a gefen zanenta, ta juye ruwan tulun a gindin wani kututture, ta tafi. Daga ranar har ta bar duniya, duk inda muka haɗu sai ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta sa mini albarka. Da zagina ta yi da na fi samun barci.

Ɗakin shan maganin na gina shi, ba ƙarya mai gabatarwa ya yi ba. An yi bukin buɗewa, an yanka rago, hotona ya fito. Ya yi aiki na 'yan shekaru. Da kuɗin mai ya ja baya, taki ya yi wuya, tarakta ta lalace aka rasa kayan gyaranta, ƙasar da na tsiraita ta gaji ta koma rairayi. Malamin asibitin da nake biya ya nemi wani wurin. Iska ta yaye kwanon wata damina, ba wanda ya hau ya mayar, don ba wanda ya ɗauki ginin a matsayin nasa. Nawa ne, ni na kawo, ni kuma ina Kaduna. Daga baya na sayar da filin. Ƙungiyar matan Tafashiya ta watse tun shekarar da na sare itatuwan, don ba sauran abin da zai tara su. Ban taɓa tambayar kaina wa zai ba ginin nan ruwa da rani ba, ni da na tashi ina jin tambayar safe da yamma.

Bayan taron Kankia na kasa sukuni, sai na sa aka kai ni Mawashi, inda na shekara hamsin ina kauce wa hanyarsa. Na tarar da ɗorawar Gwaggo sun zama manyan itatuwa, mutum biyu ba sa rungume ɗaya. Lokacin kaɗa ɗorawa ne, maza na bisa da dogayen sanduna masu ƙugiya, mata na tarawa a ƙasa. Shugabar ƙungiyar ta yanzu, Malama Saudatu, jikar ɗaya daga cikin matan farko, ba ta san ni ba. Ta ɗauke ni baƙo mai son gani, ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa ta yi mini bayani. Kalwa suna daddawa da ita su kai kasuwa. Garin ɗorawar yana rufa wa gidaje asiri idan rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi. Ɓawon ma ba a zubarwa, da shi ake makuba a yi daɓen masallaci. Daga abin da suke samu suke sayen igiya da guga, su ɗauki mota idan haihuwa ta zo wa mace da gardama, su sayi likkafani ga wanda ba shi da kowa, su gyara rufin Islamiyya. Babu allo ko ɗaya mai sunan Gwaggo a wurin, amma filin Hajiya suke ce masa, har yaran da ba su san wace Hajiya ba.

Na tambaye ta, kamar ban sani ba, ko a nan kaɗai Hajiyar ta yi irin wannan. Ta ce, "A'a Baba, an ce ta yi a Tafashiya. Su dai ba su yi sa'a ba. An ce ta sa su wahala shekara da shekaru, ta rasu ba ta bar masu wasiyya ba, magada suka sare. Har yau tsofaffin can in an ambace ta sai su ce Allah dai ya yafe mata."

Allah ya yafe mata. Shekara hamsin ana nema wa Gwaggo gafara a kan laifin da ni na yi. Ni a zatona itatuwa na sare, ashe har da sunanta na haɗa. Malama Saudatu ta ƙullo mini daddawa da kalwa cikin leda ta ce in kai wa iyali, na karɓa, ban iya gaya mata ko ni wane ne ba.

Washegari na tafi Tafashiya na nemi gidan Inna Delu. 'Yarta Hajara na tarar, ita ma ta tsufa, idonta ya yi rauni. Bayan gaisuwa na faɗa mata komai, ban rage ba, har kalmar da Gwaggo ta ƙara tana matse hannuna. Ina jira ta yi kuka ko ta kore ni. Sai ta ce, "Alhaji, ai Inna ta sani. Ta je duba Hajiya kwana biyu kafin ta cika, Hajiya ta ce mata ta bar ma Babanta magana, ta kwantar da hankalinta."

Na ce, "To me ya hana ta ƙaryata ni a ranar?"

Ta ce, "Ni ma na tambaye ta, da ta gaya mani gab da rasuwarta. Ta ce ta san halin Hajiya. Da za a tashe ta a tambaye ta, gara a ce ita ta manta da a ce Babanta ya yi ƙarya gaban mutane. Ta ce in riƙe, kada in faɗi ma kowa sai in kai ka zo da kanka."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a zauren nan ba ina kuka, tsoho da ni. Mata biyu, ɗaya a kabari ɗaya da tulu a ka, sun rufa mini asiri, ni kuma ina yawo ana tafa mini a taro.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da ta ga 'yan gidauniyar nan. Na san za ta tsokane su a kan kwamfuta, ta ce ko ita ce za ta ɗebo ruwan. Amma za ta ji daɗin da suka ce shekaru za su yi ba watanni ba, kuma ƙungiyoyin gari za su riƙe ba gini ba. Da za ta bi hanyar Kankia zuwa Kusada ta ga famfunan burtsatse da suka mutu, kowanne da allonsa mai sunan wanda ya kawo, ba za ta yi mamaki ba, ta riga ta ga irin masu kawo su a gidanta. Abin da ni zan ƙara musu daga nawa kuskuren shi ne, tsari mai dogon zango ba maƙiyi ne ke kashe shi ba. Na gida ne, mai ilimi, mai kyakkyawar niyya, wanda ya gaji da jira ana saura kaɗan. Su dubi wanda za su bar wa amana idan sun tafi, su kuma faɗi alkawarinsu a gaban shaidu, kada su bar shi a kunnen mutum ɗaya.

Me ya rage na Gwaggo Kulu? Gidanta an rushe an yi shaguna. Allon da na rubuta sunanta ya yi tsatsa ya faɗi, awaki ke kwana a ginin. Abin da ta yi da hannunta, a hankali, ba suna, shi ne yake tsaye a Mawashi yana ciyar da mutanen da ba ta taɓa gani ba. Na Tafashiya ma da yana tsaye. Saboda haka ina shaida wa mutanen Tafashiya da duk wanda ya karanta wannan, kamar yadda na faɗa a gaban limaminsu ranar Juma'ar da ta wuce: Hajiya Kulu ba ta manta da ku ba. Ta bar magana, ni na haɗiye ta. Ku daina nema mata gafara a kan wannan, ni za ku nema wa.

Kalwar da aka ba ni a Mawashi ban kai wa iyali ba. Na samu wani ɗan fili a gefen Tafashiya, bai kai rabin na da ba, na je wurin Hajara na ce ina so a shuka da daminar nan, kuma wannan karon tun yau zan sallama a gaban liman, don ni ba zan ga tuntu ba. Na zaci za ta yi murna. Sai ta juya kalwar a tafin hannunta ta ce, "To Alhaji, wa zai ba shi ruwa da rani?" Na ce ban sani ba. Ta ce za ta tara mata ta ji ta bakinsu, in sun yarda za ta aiko mini, in ba su yarda ba in yi haƙuri. Yau kwana tara ke nan. Kalwar tana cikin ƙwarya a ɗakina, ban jiƙa ta ba tukuna, ina jiran aike.